Ban ruwan furen kanna: nawa ne ya isa, kuma a wane lokaci?

Sabuwar_Hannu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna shuka kanna. Farkon shekara aka ba ni saiwoyi bakwai, na dasa huɗu a ƙasa jikin katanga, uku a tukwanen roba. Wadda ta ba ni ta ce kanna ba ta ƙoshi da ruwa, in riƙa ba ta safe da yamma kada in ji tsoro. Haka na yi tun lokacin zafi, kuma ta yi kyau ƙwarai, ta kai min kafaɗa, furen ja wur. Da damina ta sauka ban fasa ba, sai dai ranar da aka yi ruwa mai yawa. Yanzu sanyi ya fara shigowa, ganyen ƙasa na ta komawa rawaya, fure ya tsaya. Jiya na taɓa kara ɗaya a tukunya sai ya fito a hannuna, gindinsa ya yi laushi yana wari. Na cikin ƙasa ba su kai haka ba. Ruwan ne ya yi yawa, ko ƙara mata zan yi? In akwai mai ƙa'idar ban ruwa ta kowane lokaci na shekara ya taimaka min, don raina ya ɓaci sosai.

Malam_Lambu:
Wa alaikumus salam. Yau da gobe kada ki ba tukwanen nan ko ɗigo. Kara mai laushi da wari ruɓa ce, ba ƙishi ba. Wadda ta ba ki saiwar ba ta yi ƙarya ba, rabin magana ta faɗa miki. Kanna na shan ruwa sosai, amma a lokacin da take girma. Dubi faɗin ganyenta: a rana mai zafi duk ganyen nan fitar da ruwa suke yi, jijiyoyi kuma na jawo wani daga ƙasa. Da sanyi ya shigo girma ya ragu, shan ruwa ya ragu, abin da kika zuba sai ya zauna a tukunya. Ruwan da ya zauna yana korar iskar da ke cikin ƙasa, jijiyoyi su rasa numfashi su mutu, daga nan ruɓar ta shiga saiwa. Ruwan da ya raya ta a bazara shi ne yake cinye ta yanzu.

Ɗan_Tafki:
Malam, da girmamawa, ban yarda ruwa na kashe kanna ba. Tawa shekara uku ke nan tana bakin ɗan tafkin kifi, gindinta cikin ruwa dare da rana. Ko ganye ɗaya bai ruɓe ba, ta fi ta kowa tsayi. A nemi dalili a wani wuri.

Bintun_Fure:
Sabuwar_Hannu, kafin a yi nisa, tukwanen naki suna da huda a ƙasa? Guda nawa? Kuma kin sa faranti a ƙarƙashinsu?

Sabuwar_Hannu:
Anti Bintu, akwai huda amma ƙanana ne, biyu-biyu. Faranti kuma e, na sa don kada ruwa ya ɓata daɓe.

Bintun_Fure:
To ga inda matsalar take, ƙanwata. A tsakiyar zafi farantin nan alheri ne, ni ma ina barin ruwa a ciki, kafin la'asar ta shanye. Da damina da sanyi kuwa cire shi ake yi gaba ɗaya. Sannan saiwar kanna na cika tukunya da sauri, jijiyoyi su toshe hudar ba ki sani ba. Ki kifar da tukunyar da ta yi wari, ki zazzage, ki gani da idonki.

Mai_Awo77:
Tunda ƙa'ida ta nema, bari in ba ta lissafi. Abin da aka saba faɗa ga kanna da ke cikin ƙasa tana girma shi ne ruwa mai zurfin santimita 2.5 zuwa 5 a mako, har da na sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ke nan lita 25 zuwa 50 a mako ga kowane murabba'in mita. In bokitinki na lita 10 ne, bokiti uku a mako ga kowane murabba'in mita ya isa a lokaci mai sauƙi, biyar a tsananin zafi. Ki raba shi sau biyu ko uku, ki zuba a hankali ya ratsa ƙasa. Ni ina ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, in aka yi ruwan sama in sa abin awo in ga zurfinsa, in cire daga lissafin makon. Makon da gwangwani ya tara santimita 4, ba na ɗaukar bokiti.

Baba_Tsohon_Hannu:
Lissafin Mai_Awo daidai ne, amma ni yatsa na fi yarda da shi. Ƙasa mai rairayi da ƙasar laka ba su riƙe lita 25 iri ɗaya ba. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, 'yata. In kin ji sanyi da danshi, ki bar ta. In ƙasar ta fito a bushe tana zuba daga yatsa, ki ba ta har ya fita ta ƙasa. Tukunya kuma ki riƙa ɗaga gefenta, hannunki zai koyi nauyin mai ruwa da na marar ruwa cikin mako biyu.

Mai_Awo77:
Baba, ba na jayayya da yatsa. Amma sabon shiga bai san mene ne "danshi" ba tukuna, lamba ce ke ba shi wurin farawa.

Ɗalibin_Tsirrai:
Ina ganin Malam_Lambu da Ɗan_Tafki duk suna da gaskiya, kuma asalin shukar ne ke nuna hakan. Duk da a Turanci ana haɗa sunanta da na furen lili, kanna ba lili ba ce. Danginta su ne citta da ayaba, shi ya sa saiwarta ta yi kama da ta citta, ganyen kuma da na ayaba. Asalinta yankunan zafi na nahiyar Amurka, ko da yake masanin tsirrai Linnaeus ya sa wa ɗaya daga cikin jinsunanta suna Canna indica, wato ta Indiya, a 1753. A cikin jinsunan akwai na fadama sosai: Canna glauca mai siririn ganye mai toka-toka, da Canna flaccida mai rawayan fure da ke fitowa a dausayin Florida a Amurka. Waɗannan cikin ruwa suke rayuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 wani Bafaranshe mai suna Théodore Année ya fara haɗa jinsunan, har da glauca, daga baya wani Bafaranshen mai suna Crozy a birnin Lyon ya fito da masu manyan furanni. Galibin kanna da muke shukawa yau jikokin wannan haɗe-haɗe ne, don haka wata ta gaji son ruwa da yawa, wata kaɗan. A lambun Longwood da ke Amurka ma an fitar da wasu musamman don tafki, irin su Erebus da Ra, daga jinin glauca. Ɗan_Tafki, ganyen taka siriri ne mai tsini ko mai faɗi?

Ɗan_Tafki:
Siriri ne, launinsa kamar an barbaɗa masa toka. Furen rawaya mai haske.

Ɗalibin_Tsirrai:
To da alama jinin glauca ce a hannunka.

Hajiya_Mai_Tukwane:
Ɗalibi, na gode da tarihin, amma kada mutane su ɗauka sai mai siririn ganye ce ke jure ruwa. Ina da mai faɗin ganye ja-ja, irin ta kowa, kuma duk lokacin zafi nakan tsoma tukunyarta cikin baho, ruwa ya kai rabin tukunyar. Tana jin daɗinsa, fure ba ya yankewa. Abin da ba na yi shi ne in bar ta a ciki bayan dare ya fara sanyi. Shekarar da na yi sakaci na bar biyu, duka suka narke. Don haka a wurina ba jinsi ne kaɗai ba. Ruwa da zafi tare, tana so. Ruwa da sanyi tare, shi ne ajalinta.

Malam_Lambu:
Hajiya ta faɗe shi fiye da yadda na faɗa. Zan ƙara da cewa ruwan tafkin kifi yana motsi, akwai iska a cikinsa. Ruwan da ya kwanta a gindin tukunyar roba mako biyu ba haka yake ba.

Ɗan_Tafki:
Wannan na karɓa. Akwai famfo a tafkin da ke juya ruwan. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mutane sun fi kashe kanna da ƙishi fiye da ruwa. Kullum ina ganin ta a bakin hanya ganye ya ƙone, ba ta fi gwiwa ba, ba fure.

Ummu_Yara3:
Ni tambayata daban ce amma ta shafi wannan. Tawa da rana tsaka ganyen sai ya naɗe kamar tabarma, in ruga in ba ta ruwa. Daidai nake yi?

Baba_Tsohon_Hannu:
Kada rana tsaka ta zama ma'auninki. Ganye na naɗewa a zafi don ya rage fitar ruwa, ko da ƙasa na da danshi. Ki duba ta da sassafe. In ta kwana ta buɗe, lafiyarta ƙalau. In gari ya waye tana nan a naɗe, wannan ƙishi ne na gaske. Akwai kuma naɗi na uku: in sabon ganye ya ƙi buɗewa, kin ga an ɗinke shi da zare kamar na gizo-gizo, buɗe shi ki duba, tsutsa ce a ciki tana ci. Ita kam ruwa ba ya maganinta, cire ta za ki yi da hannu.

Ummu_Yara3:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na ga irin ɗinkin nan a ganye biyu, na ɗauka rashin ruwa ne.

Daga_Ƙasar_Ƙanƙara:
Bari in kawo na wajenmu, don inda nake zaune ƙasa na daskarewa. Nan shekarar kanna kashi huɗu ce kuma kowanne da ruwansa. Idan ƙanƙarar farko ta sauka ganye ya yi baƙi, sai in yanke kara in bar kamar santimita 10 zuwa 15, in haƙo saiwar, in bar ta ta sha iska kwana biyu uku, in sa a kwali cikin dusar katako. Ana ajiye ta inda sanyi ke tsakanin digiri 5 zuwa 10 a ma'aunin Celsius. Wata huɗu ko biyar ba ta ganin ban ruwa. Amma a nan ma akwai kuskuren da ake yi ta ɗaya ɓangaren. Shekarata ta farko na bar ta a bushe ƙarƙaf kusa da abin ɗumama ɗaki, da na buɗe kwalin duk sun motse kamar busasshen itace, uku kawai suka tashi. Yanzu duk wata nakan buɗe in taɓa, in na ji ta fara yamushewa in yayyafa wa dusar ruwa kaɗan, in na ga wadda ta yi laushi in jefar kafin ta shafa wa sauran.

Lokacin dasawa kuma shi ne ya fi kowanne haɗari. Ina jira ƙasa ta kai wajen digiri 15, in binne saiwar zurfin santimita 8 zuwa 10, in ba ta ruwa sau ɗaya, shi ke nan sai na ga tsiro. Saiwar da ba ta da ganye ba ta da abin da za ta yi da ruwa. Tana iya ɗaukar mako biyu ko uku kafin ta leƙo, kuma a wannan jiran ne hannu ke ƙaiƙayin ɗaukar buta. Da ganye biyu uku sun buɗe sai in fara ƙarawa, tsakiyar zafi kuwa tukwane kullum ne, wata rana sau biyu.

Zainabu_Kore:
Yaya, wannan na masu ƙanƙara ne. Ina tsoron Sabuwar_Hannu ta karanta ta ɗauka daina ban ruwa za ta yi har wata biyar. Inda ba a daskarewa kanna ba ta yin barci sosai, rage tafiya kawai take yi. Kuma sanyin wani wurin busasshe ne, da iska mai tsotse komai. Tukwanena na yumɓu a irin wannan lokacin kwana uku sun bushe, bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ga wasu ƙananan ƙwari jajaye masu saƙa a bayan ganye, waɗanda busasshiyar iska ce ke kawo su. Ni ragewa nake yi: na ƙasa sau ɗaya a mako, na tukunya duk kwana uku ko huɗu, bayan na gwada da yatsa.

Daga_Ƙasar_Ƙanƙara:
Gaskiyarki, Zainabu, ya kamata in faɗi haka. In ganye na nan kore, shukar na sha, ko da kaɗan ne.

Abu_Hanif:
Wani abu da ba a taɓo ba: da wane lokaci? Ni da yamma nake bayarwa don lokacin nake dawowa, kuma an ce da rana ɗigon ruwa na ƙona ganye.

Ɗalibin_Tsirrai:
Ɗigon ruwa ba ya ƙona ganyen kanna, in ba haka ba duk ruwan sama da rana ta biyo bayansa da ya gama da ita. Illar ban ruwan rana ita ce wani kaso na tashi kafin ya shiga ƙasa. Na yamma kuma matsalarsa jiƙa ganye. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi cutar tsatsa ke so, wadda ke fitowa ɗigo-ɗigo ruwan lemo a bayan ganye, in ka shafa ta manne maka a yatsa kamar gari. In yamma ce kaɗai lokacinka ba laifi, ka sa bakin tiyo a gindi, kada ka yi mata wanka.

Bintun_Fure:
Tsatsar nan ta taɓa cinye min layi guda a damina. Na dasa su a matse, iska ba ta ratsawa. Da na raba su na bar tazarar rabin mita tsakani, ina kuma yanke ganyen da ya kamu in fitar da shi daga lambun, abin ya yi sauƙi sosai. A damina aikina da kanna ba ban ruwa ba ne, buɗe wa ruwa hanya ne.

Abu_Hanif:
Ruwan wanke-wanke fa? Ina jin ƙyashin zubar da shi alhali ga shuka mai ƙishi.

Mai_Awo77:
Kanna na cikin tsirran da ake shukawa a wuraren tace gurɓataccen ruwa, don haka tana da juriya. Ruwan ɗauraya da na wankin kayan lambu ba komai. Wanda aka sa wa bilic ko gishiri mai yawa kada ka ba ta. A tukunya ka fi yin hattara, don abin da ke cikin ruwan taruwa yake yi. In ka ga farin ɓawo a saman ƙasa ko bakin tukunya, ka kwarara mata ruwa mai tsabta da yawa ya wanke ya fita ta ƙasa.

Hajiya_Mai_Tukwane:
Mu koma kan mai tambaya, an bar ta a baya. Ba duk rawayan ganye ne ruɓa ba. Kowane karan kanna yana da iyakarsa: in ya gama fitar da furanninsa ba zai sake ba, tsufa zai yi, ganyensa na ƙasa su yi rawaya, sababbin 'ya'ya su fito daga gefe. Irin wannan yanke shi ake yi daga gindi. Na cikin ƙasa da ta ce ba su yi laushi ba, ina zaton tsufa ne kawai da shigowar sanyi. Wanda ke ba ni tsoro shi ne rawaya mai zane-zane da ke bin jijiyar ganye, ganyen ya fito a murɗe tun yana sabo. Wannan cutar bairos ce, ba ta da magani, cire shukar ake yi.

Sabuwar_Hannu:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na zazzage tukunyar kamar yadda Anti Bintu ta ce. Ƙasan duk caɓi ne, hudar biyu jijiyoyi sun toshe su. Saiwar ta yi girma ta kusa cika tukunyar, rabinta baƙi ne yana narkewa a hannu, ɗaya rabin da ƙarfinsa, akwai idanu uku masu ja-ja a jiki. Hajiya, zanen da kika faɗa babu shi, rawayan bai ɗaya ne. Ana iya ceton rabin nan?

Malam_Lambu:
Ƙwarai kuwa. Ki sami wuƙa mai tsabta ki yanke ruɓaɓɓen har sai kin kai inda naman ya yi fari tas, ba ɗigon baƙi. Ki wanke wuƙar tsakanin yanka da yanka. Ki ajiye saiwar a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin yankan ya bushe. Tsohuwar ƙasar kada ki mayar. Ki haɗa sabuwa da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi, ki ƙara huda huɗu ko biyar a tukunyar, ki ɗora ta a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya sami mafita. Sauran tukwane biyun ma ki duba su, kada ki jira su yi wari.

Baba_Tsohon_Hannu:
Ni nakan shafa wa bakin yankan toka kafin in ajiye. Kuma idanu su kalli sama in za ki binne.

Ɗan_Tafki:
In ta dasa, ta ba ta ruwa sosai sau ɗaya dai, ƙasa ta kama jikin saiwar. Kada tsoro ya sa a bar ta cikin ƙura.

Daga_Ƙasar_Ƙanƙara:
A nan na saɓa da kai. Saiwar da aka yi wa yanka, ba ganye, ga sanyi: ni ƙasa mai ɗan danshi kawai zan sa ta, ba zan ƙara ba sai ta tsiro.

Zainabu_Kore:
Ya danganta da irin sanyinta. In da rana ana samun zafi kuma iska busasshiya ce, na Ɗan_Tafki ba zai cutar ba, muddin hudar ta wadata. Sannan na cikin ƙasa ki rufe musu gindi da busasshen ganye kaurin yatsu uku, amma ki ɗan ja shi baya daga jikin kara. Zai rage miki ban ruwa yanzu, ya kuma taimaka in zafi ya dawo.

Mai_Awo77:
Da zafi ya dawo ki koma wa lissafin da na ba ki, taki ma a lokacin za ki ƙara, don mai shan ruwa da yawa abincinta na wankewa da sauri.

Bintun_Fure:
Akwai abin da ya tsaya min a rai tun farko. Kin ce huɗun jikin katanga suke. Indararo na zuba a wajen?

Sabuwar_Hannu:
E, Anti, akwai ɗaya daidai kan ta ƙarshe, kuma yanzu da kika faɗa, ita ce ta fi sauran rawaya. In haƙo ta in duba, ko in bar ta tunda ruwan sama ya ɗauke?

Hajiya_Mai_Tukwane:
Ki ja karan a hankali tukuna. In ya riƙe da ƙarfi ki bar ta, ki tone gefe kaɗan da hannu ki shinshina ƙasar.

Malam_Lambu:
Ni da zan haƙo ta ne, tunda ko ba ruɓa sai an matsar da ita daga ƙarƙashin indararon kafin wata daminar.

Ɗan_Tafki:
Ko kuma a bar wurin, a kawo mai siririn ganye irin tawa a dasa a nan. Ina da 'ya'ya da yawa da zan raba in zafi ya fara.